Ranar da Na Ƙi Bin Nomau Mai Rijiya

Shekara talatin da uku ke nan da rasuwar abokina Nomau, mai haƙar rijiya na Bungudu. Ban taɓa zaton zan sa a rubuta sunansa a jarida ba, mutumin da ko wasiƙa bai taɓa aikawa ba. Amma abubuwa biyu sun same ni a bana, kuma tun da suka same ni hankalina bai koma wurinsa ba.

Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Ni na bi gona, shi ya gaji sana'ar mahaifinsa. Mutum ne mai tsayawa kallon abin da kowa ke wucewa. Idan ya gama rijiya sai ya leƙa ya yi kira, ya saurari yadda muryarsa za ta dawo. Wata rana a bakin tafki ya ɗora tsinke a kan ruwa, ya jefa tsakuwa kusa da shi. Zobba suka buɗe, suka bi ta ƙarƙashin tsinken suka wuce, shi kuwa ya ɗan yi sama ya yi ƙasa, yana nan inda yake.

"Ka gani, Mamman?" in ji shi. "Ba ruwan ke tafiya ba, motsin ne. Duba, ya bugi dutsen can ya juyo. Murya ma haka take yi."

Na yi dariya, na ce zaman rami ya fara taɓa masa kai.

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Tsafe zuwa Gusau, wani ƙauye da ke gindin duwatsun yankin ya kira Nomau ya haƙa musu rijiya. Rani ne, babu aikin gona, sai ya ɗauke mu aikin jawo ƙasa daga rami, ni da ƙanena Sanda, wanda bai daɗe da yin aure ba. Ranar wata Juma'a da ba mu aiki, Sanda ya hau duwatsu neman zuma da hantsi. Har aka sauko daga masallaci bai dawo ba.

Muka fita nemansa da mutanen gari. Da muka shiga wani kwari tsakanin duwatsu biyu, sai muka ji shi: "Yaya! Yaya!" Muryar ta fito daga babban dutsen da ke gabas, a fili, kamar yana tsaye a kansa. Kowa ya zabura, ban da Nomau. Ya tsaya ya tafa hannu sau ɗaya, ya saurara, sai dutsen gabas ya maido masa da tafin bayan ɗan jinkiri.

"Ku dakata," ya ce. "Wanga dutse amsawa kawai yake yi. Sanda yana bayanmu, cikin wani rami mai kallon gabas. Muryarsa ta bi ta samanmu, ta bugi can, ta dawo."

Na ce masa, "Ƙanena na kira na a gabana, kai kana cewa in juya masa baya?"

Ya riƙe hannuna. "Mamman, mutum ɗaya nake so ya riƙe mini igiya. Kai kaɗai ka isa."

Na fizge hannuna, na faɗa masa maganar da ba zan maimaita a nan ba. Muka yi gabas. Shi ya saɓa igiyar aikinsa ya yi yamma.

Muna hawa muryar tana raguwa. Da muka kai saman dutsen babu kowa, babu ko sawu. Wasu suka fara cewa iskoki ne ke wasa da mu, suka nemi a koma gida. Can sai kiran ya yanke gaba ɗaya. A lokacin ne na tuna tafin nan. Na sauko da gudu, ƙafafuna duk jini, amma la'asar ta riga ta yi.

Mun tarar da Sanda kwance a bakin wata tsaguwar dutse ta yamma, ƙafarsa a karye, igiya ɗaure a ƙirjinsa. Yana nuna ramin. Na leƙa. Nomau yana ƙasa, a kife, ba ya motsi. Daga baya Sanda ya ba mu labari: Nomau ya ɗaure igiyar a gindin itace, ya sauka ya ɗaure shi, ya hau, ya jawo shi shi kaɗai, aikin da ko a bakin rijiya mutum uku ke yi. Sanda na kama bakin ramin ke nan, dutsen da Nomau ya tokare da ƙafa ya ɓalle, ya tafi da shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a wurin, aka yi ta yi mini magana ban ji ba.

Da muka kai gawarsa Bungudu, na ce wa matarsa Inno ya zame ne wajen ceton Sanda. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗa mata ya roƙe ni in riƙe masa igiya na ƙi ba.

A bana na je Tudun Wada a Gusau wajen Isa, ɗan Sanda, wanda yanzu malamin makaranta ne. Na same shi a tsakar gida da daro cike da ruwa yana shirin darasin gobe. Ya ɗora ɗan kara, ya ɗiga ruwa da yatsa, ya ce, "Baba, ka duba, karan ba ya tafiya, motsin ne ke tafiya. Idan ya bugi gefen daro sai ya juyo. Sauti ma girgizar iska ce, tana ɗaukar lokaci kafin ta iso, in ta gamu da bango ko dutse ta dawo."

Na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya ce a littafi yake, duk duniya haka ake koyarwa. Ashe abin da na kira taɓin hankali, shi ake sa yara su haddace. Na yi ta tunanin me Nomau zai yi da ya ga akwatin rediyon da ke ɗakin Isa, muryar mutum tana fitowa daga garin da ba a taɓa zuwa ba, ba waya ba igiya. Na san ba zai ce iskoki ba. Zagaya akwatin zai yi, ya kara kunne, ya dame mu da tambaya.

Daga Gusau ban koma gida ba, na wuce gidan Kulu, ɗiyar Nomau. Inno ta daɗe da rasuwa, Sanda ma haka. Na zauna a zaure na faɗa wa Kulu komai, har da maganar da na yi wa mahaifinta. Ta saurara har na gama.

"Baba, ai mun sani," ta ce. "Baba Sanda ya ji daga bakin mutanen garin, ya gaya wa Inna tun ranar sadakar uku. Ita ta hana mu tayar da zancen. Ta ce abin da ke cinka ya ishe ka."

Shekara da shekaru Inno tana aiko mini da fura duk sallah, 'ya'yanta suna durƙusawa su gaishe ni, kuma dukansu sun sani.

Nomau bai bar gona ba, bai bar garke ba. Ya bar 'ya'yan Sanda da jikokinsa, waɗanda da ya bi ni gabas da babu ko ɗaya daga cikinsu a duniya, ya kuma bar gidan da ya iya rufa wa mai laifi asiri. Allah ya jiƙan Nomau, ya jiƙan Inno. Ni kuma mai karatu ya sa ni a addu'a.