Zaren da ya tsinke a Makera

Muna idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da wani abokin aikina da faifan kwamfuta huɗu a aljihun gaba. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ce laifin mulkin farar hula ne. Sojojin kan hanya sun ragu, sai 'yan sanda da fastocin 'yan siyasa. Abokina bai bar tallar komai ta wuce ba, daga ƙosai har dafaffiyar gyaɗa, ni kuwa fargaba ta hana ni cin ko ɗaya.

Shekara biyu na yi ina rubuta wani ɗan harshen kwamfuta mai umarni da Hausa: rubuta, idan, maimaita. Wata Madam 'yar Kagoro, mai ajin koyon kwamfuta a Makera, ta yarda ta gwada shi a kan ma'aikatan masaƙa da aka sallama. Litinin za a fara, ga shi yau Asabar. Ta gaya mini in bai tashi ba za ta koma littafin Turanci, alhali rabin ɗaliban ba sa ji.

Mun ƙetare gada cikin cunkoso, ɗan acaɓa ya kai mu har ƙofa yana mitar ramuka. Kwamfutoci shida na tarar, duk sun ga jiya. Harshen nawa da wani harshen kwamfuta mai suna C na rubuta shi, saboda haka sai manhajar da ake kira kwamfaila ta juya shi zuwa abin da inji ke ganewa, kuma dole a yi wannan haɗin a kan injinan ajin. Babban kwamfailan da na saba da shi ya fi ƙarfin waɗannan tsofaffi, shi ya sa na zo da wani ƙarami a faifai guda.

Kafin na gyara zama ya gama haɗawa. Na yi murmushi na sa umarni: maimaita sau uku, rubuta sannu. Inji ya ce sannu. Ya sake, ya sake, ya cika allo bai tsaya ba. Madam ta ce, "Malam, injin nan ya fi mutanen Zariya gaisuwa." Ban yi dariya ba.

Na koma inji na biyu, na uku, har na shida, duk kanwar ja ce. Aka ɗauke wuta sau biyu. Aka kawo faten acca mai zafi, abokina ya cinye nasa ya taya ni da nawa. Ni dai ina ta zagin ƙaramin kwamfaila, ina cewa araha ba ta ado.

Akwai wani dattijo a bakin ƙofa, tsohon makanikin masaƙar Kakuri, ya zo rubuta sunansa a ajin. Ya daɗe yana sauraron zagina, sannan ya ce, "Malam, wuri ɗaya yake tsinkewa?"

"Wuri ɗaya, Baba."

"Mu a masaƙa, in zare ya tsinke wuri ɗaya a inji uku, mun daina duba inji. Ƙulli ne a zaren. Injinka na gida ya saba haɗiye shi."

Raina ya ɓaci, don mutumin ko taɓa kwamfuta bai taɓa yi ba. Amma da la'asar ta kawo jiki na buɗe rubutuna. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: ma'ajin da ke ƙirga maimaici ban taɓa sa shi ya fara daga sifili ba. Babban kwamfaila yakan bar sifili a wurin bisa sa'a, ƙaramin kuwa ya bar abin da ya tarar. Layi ɗaya na ƙara. Na ce Baba ya danna da kansa. Inji ya gaishe shi sau uku ya yi shiru.

A motar dawowa abokina ya yi barci tun Kawo, ya bar ni da kunyata. Da na isa gida na fito da sauran rubuce-rubucena duka, na fara bi da su ta ƙaramin kwamfailan da na wuni ina zagi. Shekara biyu babban yana rufa mini asiri, ni ina tsammanin iyawa ce.