Gwiwar Saiti

Saiti ake ce masa, don duk gidan da ya shiga ƙasa yake fara dubawa kafin ya gaida masu gida. Shimfiɗa tayil ce sana'arsa tun yana ɗan shekara goma sha shida, kuma karkataccen layi hana shi sukuni yake yi. Ya taɓa ɓalle daɓen ɗakin surukarsa kaf saboda tayil guda ya kauce da faɗin tsinke. Har yau baiwar Allah ba ta gama yafe masa ba.

Yana shekara ashirin da takwas gwiwarsa ta dama ta fara surutu. In ya durƙusa ta ce ƙas, in ya miƙe ta ce ƙurus. Matarsa ta ce, "Maigida, tun daga ƙofa nake jin dawowarka." Ya yi dariya, amma tsoro ya kama shi, don mai tayil da gwiwa yake ciyar da iyali.

A asibiti aka ɗauki hoton gwiwar. Likita ta ja layi biyu a kai, ta auna tsakaninsu. Saiti ya matso, ya kanne ido ɗaya.

"Likita, wa ya yi wannan aikin? Ai bai saitu ba."

"Ƙoƙon gwiwarka ne, malam. Ya kauce daga hanyarsa yana goga gefe guda, har guringuntsin ƙarƙashinsa ya fara cinyewa."

"To a ɓalle a sake mana."

"Ba ɗakin Mama ba ne fa," in ji matarsa.

Likita ta hana shi durƙuso, ta koya masa atisayen ƙarfafa cinya. Mako uku yana kwance yana ɗaga ƙafa, kayan aikinsa na lungu suna tara ƙura. Ko ƙasa ya daina dubawa.

Rannan sai ga saƙon surukar: guntun katako da ta sa kafinta ya ɗaura wa tayoyin tsohuwar kujera. Ta ce wa 'yarta, "Ki gaya masa daɓen madafata ya fashe. Tunda ɓallewa ya iya, ya zo ya ɓalle a zaune."

Kwana huɗu yana zamiya a kan katakon, ƙafar dama a miƙe. Da ya gama ya ja zare daga bango zuwa bango, ya kanne ido. Layi ya tafi sambal. Ya daɗe a sunkuye, don ƙwalla ta cika masa ido.

Surukar ta leƙo, ta ce wa 'yarta, "Ce masa ya goge fuska. Maƙwabciyata na waje, ita ma tana son nata."