Matar da Ta Riga Ta Iya Ciyarwa

Cikin sababbin ma'aikatan da wata malama ke horarwa a cibiyar kula da makafi masu larurar ƙwaƙwalwa, akwai wata mata da ta tsaya mata a rai. Ta girmi sauran nesa ba kusa ba. Mayafinta ya koɗe, kuma bini-bini sai ta ɗaga kai ta dubi agogon bango.

Yau gwajin ciyarwa ake yi. An ɗaure wa rabin ajin ido da ƙyalle, sauran suna ba su abinci. 'Yan matan sai dariya suke, cokali na zungurar hanci. Ita kuwa tana fara taɓa kafaɗar abokiyar gwajinta, ta ce, "Ni ce, ga cokali nan zuwa," sannan ta jira baki ya buɗe da kansa. Malamar ba ta ma kai ga wannan darasi ba. A ranta tana cewa wannan hannu ya shekara yana ciyar da wani a gida, ɗa ne ko ƙane, Allah masani.

Da malamar ta ce ba a kulle mutum shi kaɗai a ɗaki, sai matar ta ɗaga hannu a hankali.

"Malama, in babu wanda za ki bar wa shi fa, kuma dole ki fita nema?"

Malamar ta duba takardarta, ta juya shafi. Matar ta sunkuyar da kai, tana murza wani ɗan makulli da ke ƙulle a bakin mayafinta.