Leshin da Sumaila Ya Rataya a Bango

Duk wanda ya yi aure ko suna a Akwatialine cikin 'yan shekarun nan ya san Sumaila Mai Bidiyo. Gajere ne, ga surutu, kullum kyamara na rataye a wuyansa kamar laya. A wannan unguwa ta Zongo aka haife shi, kuma tun da ya bar shagon gyaran rediyon mahaifinsa ya kama wannan sana'a, bai taɓa yarda mummunan abu ya shiga hotonsa ba. In bangon gidan biki ya tsage, sai ya rataya leshi. In kwata ta ratsa ta ƙofar gida, sai ya ɗaga kyamara ya ɗauko hasumiyar masallaci. Mata har tsokanarsa suke yi, wai ko akuya ya ɗauka sai ta sami miji. Shi kuwa yakan ce aikinsa rufin asiri ne.

Da wata ƙungiya ta shirya wa 'yan jarida da masu ɗaukar fim horo kan labaran muhalli, Sumaila ya shiga. Malamarsu Aziza ta ce kowa ya koma unguwarsu ya ɗauko abin da shara da ruwa ke yi wa mutane. Za a nuna finafinan a gaban jami'an tsaftar gari, da finafinan ne kuma za a zaɓi inda za a fara yashe kwata kafin damina.

Labari kam yana da shi a gida. Mma Samiratu, mai kokon da ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, ɗakinta yana bakin babbar kwata wadda leda da robobin ruwa suka toshe. Da ta ji zancen, ta ja shi ɗaki ta nuna masa baƙin tabo a bango, daidai gwiwa.

"Ka gani? Nan ruwa ya kai bara," in ji ta. "Gota ya cika da roba. Ka nuna musu, Sumaila, ni na gaji da kwana a tsaye."

Ya yi mata alkawari, kuma har ga Allah da gaske yake.

Sai dai a aji wani ɗan jarida ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai ai ka huta, ɗan Zongo. Duk inda ka juya kyamara bola ce." Aka kwashe da dariya. Sumaila ya yi yaƙe, amma maganar ta tsaya masa a rai. Wato unguwarsu zai ɗauko ya shimfiɗa a gaban waɗannan su ƙara yin dariya?

Ranar ɗauka ya tara samari suka share layi, suka jera katako a kan kwatar. Ya sa Mma ta yafa mayafinta na sallah. Da ya shiga ɗakin ya ga tabon nan, hannunsa ne ya yi abin da ya saba, ya zaro leshi daga jaka ya rataya. Ita dai ta ɗauka haka ake yi. Ta zauna ta zayyana komai, yadda ruwa ya jiƙa mata gero, yadda katifarta ta ruɓe. Da ya zo tacewa, ya ji muryarta na rawa a wurin, ya ga ba zai iya bari baƙi su ga uwarsa haka ba. Ya yanke. Abin da ya rage shi ne gaisuwar farko, inda take murmushi tana cewa, "Alhamdulillahi, muna nan lafiya."

Ranar nuni Mma ta tashi daga sayar da koko da wuri, ta hau motar haya ta trotro ta zo ta zauna a baya. Aka nuna na sauran, duk ƙazanta da ambaliya. Aka zo kan na Sumaila, layi tsaf, tsohuwa fes, ga kiɗa mai daɗi. Aka yi tafi, har da ɗan jaridar nan. Sumaila ya ji kansa ya kumbura.

Sai babban jami'in ya miƙe ya yi magana da Turanci. Ya yaba wa mutanen wannan layi, ya ce tun da sun taimaki kansu, bana za a fara da inda abin ya fi tsanani.

Nan take Sumaila ya gane ɓarnar da ya yi. Malama Aziza ta juyo ta dube shi, ya sunkuyar da kai. Kunyar da ya guje wa a aji ba ta kai rabin wannan ba. Ya so ya sulale ta ƙofar baya, amma a can Mma take jiransa, fuskarta cike da fara'a, don ba ta jin Turanci.

"Allah ya yi maka albarka, sun tafa sosai," in ji ta. "To yaushe za su zo su yashe gota?"

Ya kau da kai, ya hau gyaran jakarsa. Ta ɗauka gajiya ce, ta gyara masa igiyar kyamara a wuya.

"Ba komai, ka faɗa mini a gida. Amma leshinka yana nan a bango. Ka zo ka cire da wuri, kada ruwa ya ɓata maka shi."