Gaisuwar da Jikana Ya Yi Ta Kaiwa Gusau

Jikana na fari a hannuna ya tashi. Ranar da aka yaye shi aka naɗo shi cikin zane aka kawo mini, kamar yadda ake yi a gidanmu tun kaka da kakanni. Ɗan fari ba na iyayensa ba ne, na kakarsa ne. Uwarsa ba ta kiran sunansa. Ubansa, ɗana ke nan, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yabonsa, ba ya maganarsa gaban mutane. In ta kama dole sai ya ce "wancan yaron", ya kau da kai. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita muka tarar da duniya. Ni kuwa da nake kakarsa babu shamaki tsakaninmu. Ina ce masa maigida, yana ce mini amarya, in ya so tsokana ya ce tsohuwa.

Ni ban taɓa zama aji ba. Shi ya zauna, ya yi ta zama, har ya gama babbar makaranta, ya je ya yi bautar ƙasa can kudu, ya dawo mana Tsafe da jakarsa da takardunsa. Muka yi murna, muka yi sadakar waina. Muna tsammani wahala ta ƙare, ashe ta gyara zama ne.

Ya dawo a lokacin da komai ya tashi. Tiyar masara da muke aunowa ba tare da dogon tunani ba sai da ta zama abin shawara a gida. Gonakinmu na nesa an bar su, don daji ba ya shiguwa, sai 'yan na bakin gari muke lallaɓawa. Mota ta yi tsada, mashin ya yi tsada. Yaron nan ya nemi aiki har na gaji da ganinsa yana nema. Ya zauna gindin darbejiya ya yi ta latsa waya, ya ce mini a ciki ake nema yanzu. Ya je Gusau an yi musu jarrabawa, ya dawo ya ce sun fi cikin kasuwa yawa. Aka ce su jira kira. Ya jira, ya jira. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, kira bai zo ba.

To akwai wani Alhaji a Gusau, babba ne a wata ma'aikata. Abokin ɗana ne tun suna yawo babu wando. Tare aka yi musu kaciya, a akushina suka ci tuwo, na sha korar su daga kan bishiyar mangwaron maƙwabta. Allah ya ɗaga shi, bai kuma yar da mu ba, don ko suna ko biki yakan zo. Na kira jikana na zaunar da shi, na ba shi abin da na sani.

Na ce, "Maigida, ka wanke farar rigarka ka goge ta. Kada ka je wa babba da kamannin yunwa. Ka isa da hantsi, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa ka gaishe shi. Kada ka buɗe baki ka ce aiki ka zo nema. Ba a ɗora wa babba buƙata a fuska. Ka gaishe shi ka taso, ka koma ka sake gaishe shi. Shi da kansa zai tambaya."

Ya ce, "In bai tambaya ba fa, amarya?"

Na ce, "Zai tambaya. Ya sha furata."

Haka muka san neman abu. Mijina, Allah ya jiƙansa, da gaisuwa ya sami gonar fadama wajen hakimi, bai taɓa furta kalmar gona ba. Ya yi ta zuwa yana zama yana tashi, har ranar da aka ce masa, "Wai kai mi ke tafe da kai?"

Jikana ya je, ya dawo. Ya je, ya dawo. Kullum in tare shi bakin ƙofa in ce, "Mi ya ce?" Kullum ya ce, "Ya ce ya gida, ya tsohuwa, in gaida Baba." Na ce ya ƙara haƙuri. Na sayar da kaji na ba shi na mota. Farar rigar nan ta sha wanki har wuyanta ya fara zare, muka kai wa tela ya juya shi.

Ana cikin haka sai samarin unguwa da suka tafi ramukan zinare can yamma suka fara dawowa hutu. Wani ya zo da sabon mashin, wani da waya mai faɗin tafin hannu. Wani ya zo da tarin da ba ya jin magani. Akwai ɗan maƙwabciyata da bai zo ba sam, sai takalmansa aka kawo wa uwarsa, aka ce rami ne ya rufta. Jikana yana zama da su da yamma, ina kallonsa ta kan katanga, na ga yadda yake sauraro.

Rannan yana cin tuwo a ɗakina ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Tsohuwa, in aka yanke dawa zan bi su."

Na ce, "Ka bi su ina?"

Ya ce, "Kin sani. Na gaji da gaisuwa. Gwiwoyina sun yi kanta. Ƙannena na kallona, ni ne babba, sabulu ma sai kin ba ni."

Na ce, "Duk karatun nan, a rami za ka zuba shi?"

Ya ce, "Karatun yana nan cikin jaka, ba abin da zai same shi. Ni ne ke lalacewa."

Dawa kuwa ta riga ta yi ja a gona.

Na aika aka kira mini ubansa. Ya zo ya tsuguna bakin ƙofa. Na ce, "Ka je ka yi wa abokinka maganar wanga yaro." Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Mutumin nan ya sha shiga mota ya je Gusau don 'ya'yan wasu. Ɗan ƙanwarsa shi ya samar masa gurbin karatu, ɗan limamin unguwa shi ya kai shi wajen koyon gyaran mota. Amma nasa na fari?

Ya ce, "Inna, da wane bakin? In zauna gaban mutum in ce ɗana kaza, ɗana kaza? Ki yi mini rai."

Na ce, "Rami zai tafi."

Na ga tsinken ya karye a hannunsa. Ya ce, "Na ji ana faɗi." Wanda ya kamata ya ɗauki maganar ƙanen uban ne, don baffa shi ke yi wa ɗan fari baki. Shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Sai ya rage ni.

Na ƙulla daddawa da ƙuli-ƙuli cikin leda, na ɗauki sandata, na tafi tasha. Na daɗe ban shiga mota ba. Aka cusa mu kamar buhuna, gwiwata a bayan wani, kajin wata a kan ƙafata. Kowane shinge a tsaya, a leƙo, a wuce. Ba mai magana sosai a hanyar nan yanzu, kowa idonsa na kan daji, bakinsa na motsi. Da muka shiga Gusau wani mai mashin ya kai ni har ƙofar gidan.

Na tsaya a ƙofar nan ina kallo. Mutane ne zaune a kan dakali, wasu a kan benci, wasu a tsaye jikin bango. Samari cikin gogaggun kaya, takalma jere a gefe. Kowannensu na ga jikana a jikinsa. Ni tsohuwa ce, ba a tare ni, na bi ta cikin gida. Hajiya, matar Alhajin, ta shimfiɗa mini darduma ta kawo ruwa. Ba a jima ba ya shigo, da tumbinsa da furfurarsa, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna! Ke da kanki? Da kin aiko ai sai in zo."

Na ce, "Kai ɗin da ko mangwaro sai an kore ka kake saukowa? Zauna."

Ya yi dariya, ya zauna. Muka gaisa, muka tambayi na raye, muka yi wa matattu addu'a. Na tsufa ban taɓa roƙon ɗan da na ciyar ba. Na kalli ledar daddawa, na kalli bango. Daga nan na tuna da takalman da aka kawo wa maƙwabciyata, na ce, "Maigidana na zo yi wa roƙo. Ba shi da aiki. Tun da ya dawo bautar ƙasa yake zaune."

Ya zaro ido. "Wanda ke zuwa gaishe ni? Mai farar riga?"

Na ce, "Awo, shi."

Ya dafe kai. "Inna lillahi. Inna, wallahi na ɗauka yana aiki a nan cikin gari. Kullum tsaf da shi, ya gaishe ni ya tashi, bai taɓa cewa uffan ba. Har nakan ce wa Hajiya, dubi wanga yaro, shi kaɗai ke zuwa don Allah. Na haɗu da babansa wajen ɗaurin aure, na ce ya yara, ya ce lafiya lau."

Na ce, "Ɗan fari ne. Mi kake so ya ce?"

Ya ce, "To shi yaron fa?"

Na ce, "Ladabi aka koya masa. A da, in yaro ya yi ta kawo gaisuwa, babba ke tambaya."

Ya nuna ƙofa da hannu. "Kin ga waɗancan? Haka nake tashi in tarar da su kullum. Tsoron tambaya nake, Inna. In na tambayi ɗaya, mi zan ce da sauran? Wanda ya faɗi da bakinsa shi nake iya riƙewa." Sannan ya ce, "An ɗauki 'yan ma'aikata kaɗan kafin azumi. An ba ni gurbi guda. Na ba ɗan wani da ban ma san kakarsa ba, don uban ya hana ni sakat. Yanzu an rufe, ban san ranar buɗewa ba."

Kafin azumi. A lokacin nan yaron yana zuwa, yana durƙusawa a gabansa. Ban yi kuka ba, na wuce shekarun kuka a gidan mutane. Na dai ji gajiyar hanyar nan duka ta sauko mini a kafaɗa.

Ya ɗauki waya ya fita tsakar gida, na ji yana ta magana. Da ya dawo ya ce akwai wani amininsa mai makarantar kuɗi a Bunguɗu, yana neman malamin lissafi. Ya ce, "Ba zan ɓoye maki ba, albashin ba shi da auki, wani watan ma yakan makara. Amma ya fi zama. In an buɗe wani abu, yanzu na sani."

Na iso gida da la'asar. Jikana na gindin darbejiya. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har maganar gurbin da ya wuce. Ya yi wata dariya marar daɗi.

"Wato da na je da yagaggiyar riga da yanzu ina ofis."

Na ce, "Wataƙila."

"Kin je kin yi mini bara, tsohuwa. Kuma abin da kika samo ko kuɗin mota ba zai riƙe ba."

Na ce, "Ba mota za ka riƙa shiga ba. Ƙanwata na Furfuri, kusa da Bunguɗu, tana da ɗaki a zaure, jikanta na da keke. Tuwo ba zai gagare ta ba."

Ya ce, "Masu zuwa ramin zinare wata guda suke yi su sayi mashin."

Na ce, "Na sani. Ni dai ba ni da ƙarfin karɓar takalma."

Ya tashi ya shiga gari.

Aka yanke dawa, aka ɗaure, aka kai rumbu, bai ce zai tafi ba, bai ce ya fasa ba. Ranar da samarin za su koma, da safe motarsu ta tsaya bakin layi. Yana zaune a ɗakina yana shan koko, jakarsa a ɗaure kusa da ƙafarsa. Suka danna ham. Suka sake dannawa. Ɗaya ya leƙo zaure ya ce, "Malam mai digiri, ka taho ko amaryarka ta hana?" Na riƙe ludayi ban motsa ba. Ya kurɓi kokon nan a hankali, kamar mai shan magani. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Ku tafi. Allah ya tsare." Muka ji motar ta tashi, ƙararta ta yi nisa.

Ya dube ni ya ce, "Zango ɗaya zan gwada. Ɗaya tak. To, ba ni wa'azin, na san yana bakinki."

Na ce, "Ka gaida mai gadi kamar yadda za ka gaida mai makaranta. Kada ka shiga gulmar malamai, ka ji da kunne ka bar ta nan. Kada ka doki ɗan mutane da fushin albashi. In kuma ka ga ana rabon wani abu da ka cancanta, ka gaisa tukuna, sannan ka faɗa da bakinka."

Ya ce, "Wannan na ƙarshen sabo ne."

Na ce, "A Gusau na sayo shi, da tsada."

Yana Bunguɗu har yanzu. Zangon nan ɗaya ya ƙare, ya shiga wani, bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Yakan zo ƙarshen wata in hanya ta yi kyau, ya rame, muryarsa ta dushe saboda yara. Wani zuwan da sabulu a leda, wani zuwan hannu sake. Kiran Gusau bai zo ba tukuna. In ya iso yakan kwanta a tabarmata ya ce in tashe shi in an kira la'asar, ni kuwa sai in zauna kusa da shi ina kore masa ƙuda.