Tsohon da Ya Jera Mini Labarina

Shekara biyu bayan samun mulkin kai ina koyarwa a wata firamare a unguwar Wulari cikin Yerwa, ina ji da kaina kamar ni na ƙago boko. Akwai wani abokin aikina mai baƙar tsokana, duk abin da na rubuta sai ya taɓe baki ya ce, "Tatsuniya!" Na rantse sai na rubuta abin da zai fi ƙarfin kansa, in karanta a taron da mu malamai muke yi ran Asabar da la'asar.

Sai na rubuta labarin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a hargitse da gangan. Na fara da ranar da aka binne ta, na tsallaka zuwa ƙuruciyarta a Kano, na faɗa jinyarta, na rufe da ita tana tuyar masa a Yerwa tana zazzaga wa masu neman gyara masifa. Salon zamani ke nan, in ji ni.

Don ƙarin burga na kai wa wani tsoho Babarbare a unguwar Shehuri, mai kwafar littattafai, ya juya mini shi da ajaminsa mai kyau. Takarda goma sha biyu, ba ɗinki.

"Baba, yadda na jera su haka za ka kwafa."

"To, ɗana."

Wannan "to" ita ta kashe ni. Bai gama ba sai ran Asabar ɗin. Ya miƙo mini a gafaka ya ce, "Na sha wuya, amma na gyara maka." Na zaci kuskuren baƙi yake nufi, na haye keke ko dubawa ban yi ba. Daga baya ya gaya mini ya ɗauka akuya ce ta watsa takardun, na tsince su yadda na samu.

A taro na miƙe na gyara murya. "Wanda bai gane ba kada ya ji kunya."

Na buɗe. Ga haihuwarta a Kano! Innalillahi. Tsohon nan ya jera komai daki-daki, har ya rubuta kalmar farko ta takarda mai zuwa a gindin kowace takarda, yadda masu kwafa suke yi, don kada wata akuyar ta sake. Ba hanyar gudu. Da na zo kan tuyar masa aka yi ta dariya. Mai tsokanar nan har da gyaɗa kai, wai yana ganewa! Kamar in mare shi.

Takardu na raguwa a hannuna, sai na hango inda muka dosa. A nan na gane ba salo ya sa na hargitsa labarin ba. Ban so in ƙare da ita a kabari ba ne, na so in bar ta a bakin tanda tana faɗa.

Takardar ƙarshe ta gagare ni. Mai tsokanar ya taso ya zare ta daga hannuna ya ce, "Zauna, malam."

Shi ya karanta. Ni kuwa na zauna na yi kukan da na ƙi yi ranar da muka kai ta.