Zuliha da Maƙalar Malaminta

A Bunkure aka haifi Zuliha Mudassiru, a gidan manoman rani. Ta tashi tana kai wa mahaifinta abinci bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki, kuma tun a lokacin take son sanin abin da ke sa wata gona ta yi kyau, ta kusa da ita ta lalace. Ta karanci aikin gona har digiri na biyu, ta sami koyarwa a wata kwaleji a Kano. Aure ya kai ta Kura, daga nan take shiga mota kowace safiya.

Bayan ta daɗe a aiki aka ba ta muƙamin editar mujallar bincike ta kwalejin. Wani rani sai ga maƙala a kan tsutsar da ke cinye tumatir a Kadawa, ɗauke da sunan Malam Dattijo, tsohon malami a kwalejin, mutumin da ya koya mata rubutun bincike. Ta fara karantawa da murna. Da ta kai tsakiya sai ta gane rubutun. Kundin digirin wani tsohon ɗalibi ne, Taufiq, kundin da ita ta duba da hannunta. An kwashe shi shafi-shafi, har da kurakuransa, kuma babu sunan Taufiq ko'ina.

Ranar Asabar ta sami Malam a gonarsa yana ba albasa ruwa. Suka gaisa, suka taɓa hirar taki, sannan ta ce, "Malam, maƙalar nan aikin Taufiq ce."

Ya jingina fartanyarsa.

"Ni na ba shi batun, Zuliha. Ni na kai shi gonakin."

"Haka ne, Malam. Amma shi ya yi rubutun."

"Ritaya ta matso, kuma sai da maƙala ake ƙarin girma. Kin san halin da ake ciki."

"Na sani. Ba zan iya bugawa ba, kuma dole in sanar da kwamitin mujalla. Na ga bai kamata ka ji a bakin wani ba."

Kwamiti ya mayar da maƙalar, ya ja masa kunne a rubuce. Ƙarin girman ya wuce shi. Malam ya daina tsayawa su gaisa da Zuliha, wasu malamai ma suka ce ba ta da kara. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta bi kowa da bayani ba.

Ta nemo Taufiq, wanda ya koma sayar da maganin feshi a Dawakin Kudu, ta ce ya gyara aikinsa ya turo. Ya sha wahalar gyaran kafin masu dubawa su amince, aka buga da sunansa.

Malam Dattijo ya yi ritaya ya koma gona gaba ɗaya. Da mahaifin Zuliha ya rasu, ya zo gaisuwa har Bunkure, ya daɗe a zaure, aka yi addu'a da shi. Ba su sake tayar da maganar ba.